Jakin Jeji Da Gansakukar Tibet: Rikicin Suna A Cikin Jan Kundi

Daga Wakilinmu

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2024, shugabannin ƙasashen Afirka da suka taru a Addis Ababa, babban birnin Habasha, sun zartar da ƙudurin hana yanka jakuna don sayar da fatunsu a duk faɗin nahiyar. Abin da ya kawo haka shi ne cinikin wani danƙo da ake dafawa daga fatar jaki a ƙasar Sin, wanda suke kira ejiao, cinikin da wata ƙungiyar kula da jakuna ta Ingila ta ƙiyasta yana lamushe jakuna kusan miliyan 6 kowace shekara. Tun a 2016 Jumhuriyar Nijar da Burkina Faso suka hana fitar da jakuna daga ƙasashensu saboda wannan dalili, kuma duk wanda ya taya jaki a kasuwar Maigatari cikin shekarun nan ya san maganar ba ta nesa ba ce.

Amma akwai wani jaki wanda ba dominsa aka yi wannan ƙuduri ba, alhali kuwa ya fi na gida shiga uku. Yana zaune ne a cikin ƙasar ta Habasha, 'yan ɗaruruwan kilomita arewa maso gabas da zauren da shugabannin suka zauna, a hamadar Danakil ta ƙabilar Afar, da kuma tsallaken iyaka a Iritiriya. Shi ne jakin jeji na Afirka, kakan dukan jakunan da ke dakon kaya a duniya.

Kada mai karatu ya ɗauka jakin dawa ake nufi, watau dabbar nan mai zane baƙi da fari. Wannan daban yake. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse jakin wani ne ya tsinke, sai dai ya fi namu tsayi da dogayen ƙafafu, jikinsa toka-toka mai ɗan ja, cikinsa fari fat. Wannan kamanni da ya yi da jakin gida shi ne tushen rikicin da za mu tattauna a kai.

MATAKAN JAN KUNDI

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, wadda aka fi sani da IUCN, an kafa ta a 1948, hedkwatarta kuma tana garin Gland a ƙasar Suwizalan. Tun daga 1964 take ajiye wani littafi da ake kira Jan Kundi, inda ake rubuta matsayin kowane jinsin dabba ko tsiro da aka bincika. Matakan tara ne. Daga sama akwai wanda ya ƙare ƙaƙaf, sai wanda ya ƙare a daji amma da sauransa a gidajen ajiye namun daji. Sa'an nan sai matakai uku na haɗari, watau wanda ke bakin ƙarewa, da wanda ke cikin haɗari, da mai rauni. Ƙasa da su akwai wanda ya kusa shiga haɗari, da wanda babu fargaba a kansa. Biyun da suka rage su ne wanda bayani game da shi bai isa a yanke hukunci ba, da wanda ba a ma duba shi ba tukuna. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyu na ƙarshe, domin za mu komo kansu.

Jan Kundi ba doka ba ne, ba ya ɗaure kowa. Duk da haka shi gwamnatoci ke dubawa sa'ad da za su rubuta dokokin farauta, shi kuma masu ba da kuɗin taimako ke dubawa kafin su buɗe jaka.

Tun 1996 jakin jeji na Afirka yake a matakin bakin ƙarewa. Binciken da ƙungiyar ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka isa haihuwa a daji tsakanin 23 ne zuwa 200, in kuma an haɗa da 'ya'ya duka da wuya su wuce 600. Ƙa'idar da aka yi masa hukunci da ita ta ce, duk jinsin da manyansa ba su kai 250 ba, suna kuma ci gaba da raguwa, sa'an nan babu wani garke guda da ya wuce manya 50, to ya shiga wannan mataki. A Habasha kaɗai an ƙiyasta ya ragu da kimanin kashi 95 cikin 100 a cikin shekara 35.

SUNA LINZAMI

Kafin a ƙirga abu sai an san ko mene ne, kafin a rubuta shi cikin doka kuwa sai yana da suna nasa na kansa. A nan ne jakin jeji ya daɗe yana shan wahala a hannun masana.

A 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, wanda ya kafa tsarin ba kowace halitta suna biyu na Latin, ya raɗa wa jakin gida Equus asinus. Na jeji bai sami nasa ba sai a 1866, sa'ad da Heuglin da Fitzinger suka kira shi africanus. To, ƙa'idar masana dabbobi ita ce, in aka gane sunaye biyu na jinsi ɗaya ne, wanda ya riga shi ke tsayawa. Tun da yake na gida daga na jeji ya fito, suna kuma iya barbarar juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa, sai wasu suka ce ai jinsi ɗaya ne, saboda haka sunan na gida ya hau kan duka biyun. Watau kaka ya ɗauki sunan jika ke nan.

A ido wannan gardama ce ta malamai wadda ba ta sha wa kowa kai ba. Amma a tuna, jakunan gida a duniya sun kai miliyan 50. Ma'aikacin kwastan da aka miƙa wa takarda mai suna ɗaya, ta yaya zai rarrabe fatar dabbar da ta rage 'yan ɗaruruwa da ta wadda ke cike da kasuwanni? Sai a shekarar 2003 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta yanke hukunci cewa jinsunan daji 17 waɗanda ke da 'yan'uwa na gida su riƙe sunayensu, jakin jeji kuma yana cikinsu. Shi ya sa a yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 don kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, aka rubuta Equus africanus a jerin farko, jerin da aka haramta kasuwanci da shi, aka kuma bayyana ƙarara cewa na gida, Equus asinus, ba ya ciki.

Sai dai hukuncin 2003 takarda ya gyara, bai gyara abin da ke yawo a hamada ba. Jan Kundi ba ya ƙirga dabbobin gida, ba ya kuma ƙirga waɗanda suka gudu daga gida suka zama na daji. A duwatsun Ennedi da Tibesti na arewacin Cadi, da duwatsun Hoggar na kudancin Aljeriya, an sha ba da labarin jakuna masu zaman kansu ba mai su. Ra'ayin da ya rinjaya shi ne jakunan makiyaya ne da suka ɓace tun da daɗewa. In haka ne, ba su da gurbi a kundin ko kaɗan. In kuwa aka tarar akwai jinin na asali a cikinsu, lissafin jinsin gaba ɗaya zai sake. Jaki ɗaya, a kan dutse ɗaya, yana iya zama dukiyar duniya ko kuwa abin da ba wanda zai tambaya in an harbe shi, gwargwadon sunan da aka rubuta masa.

Har ila yau akwai wani rabon a cikin jinsin kansa. Masana sun kasa shi gida biyu. Akwai na Nuba, mai baƙin layi gicciye a kafaɗa, irin layin nan da muke gani a bayan jakunanmu. Akwai kuma na Somaliya, mai baƙin zane a ƙafafu kamar an sa masa safa. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya gwada sinadarin gado na DNA daga tsofaffin fatu da ƙasusuwa na gidajen tarihi, ya nuna cewa jakunan gida reshe biyu ne ta wajen uwa. Reshe ɗaya daga na Nuba ya fito, ɗayan kuwa daga wani kakan da ba a gano ba, na Somaliya dai ba shi ne ba. Wani binciken na 2022 ya nuna an fara sabar da jaki ne a gabashin Afirka kimanin shekara 7,000 da suka wuce.

Abin baƙin ciki a nan shi ne, wanda ake gani yau a Danakil da tudun Messir na Iritiriya na Somaliya ne. Na Nuba, wanda auraki da duna da idabari da yawa suka gāji jininsa, tun cikin shekarun 1970 aka yi masa ganin ƙarshe da masana suka amince da shi, daga jirgin sama, a kwarin Barka da kan iyakar Iritiriya da Sudan. Mai yiwuwa ne ya riga ya ƙare. Amma da yake a kundin jinsi ɗaya ne da ɗan'uwansa, layinsu guda, ƙarewarsa ba ta sa an canja ko harafi ɗaya a matsayinsu ba.

Abubuwan da ke kashe shi sanannu ne. Ana harbinsa don nama, ana kuma dafa ƙasusuwansa don maganin gargajiya, na tarin fuka da ciwon baya da na gaɓoɓi. Wanda ya fi wannan tsanani shi ne ruwa. Macen da ke shayarwa dole ta sha ruwa kusan kullum, saboda haka ba ta iya nisa da maɓuɓɓuga, maɓuɓɓugar kuwa ita ce makiyayi ke kai raƙuma da awakinsa. Cikinta shekara guda ne, ɗa ɗaya take haifa, sau da yawa kuma sai ta tsallake shekara. Garken da ke hayayyafa a hankali haka ba ya jure asarar 'ya'ya biyu ko uku a rani ɗaya. Ya kamata a yaba wa Afar na Iritiriya a nan, gama masu bincike sun shaida ba sa harbin namun daji, kuma a wajensu ne garken da ya fi lafiya ya rage.

A gidajen ajiye namun daji akwai fiye da 200, amma dukansu zuriyar dabbobi 17 ne kacal, 5 da aka kai Basel ta Suwizalan daga Somaliya a 1970, da 12 da aka kai Isra'ila daga Habasha a 1972. Na Nuba babu ko ɗaya da aka tabbatar.

TSIRON DA YA RIKITA MASANA

To, in jaki da girmansa, dabbar da ko yaro ya sani, ya ɗauki masana shekara 137 kafin sunansa ya zauna, ina ga tsiron da tsawonsa bai wuce farcen yatsa ba? Don amsa wannan sai mu bar Afirka mu hau tudun Tibet a tsakiyar Asiya. A can ma akwai wani jakin jeji, ana ce masa kiang, wanda a da ake lissafa shi reshen jakin jejin Asiya kafin a ware shi ya zama jinsi mai zaman kansa. An ƙirga shi, an tarar ya kai dubu 60 zuwa 70, an sa shi a matakin da babu fargaba. A gefen gabas na wannan tudu, sama da mita 4,000 daga doron teku, akwai wata gansakuka da ake kira Takakia, wadda labarinta ya sha bamban.

Mu a Hausa, da koren da ke kan ruwan kududdufi, da wanda ke manne wa jikin randa ko gindin katanga da damina, duk gansakuka muke cewa. Masana tsirrai sun raba su. Na kan ruwa dangi ne daban. Na kan tudu kuwa ƙananan tsirrai ne marasa fure, marasa 'ya'ya, marasa saiwa ta sosai, waɗanda ke yaɗuwa ta wata ƙura mai laushi da iska ke ɗauka. Jinsunansu sun kai wajen 20,000, an kuma kasa su gida uku: gansakuka ta ainihi, da waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan hanta saboda siffar wasunsu, da masu ƙaho.

A 1861 wani Bature mai suna William Mitten ya duba busasshen tsiro da aka kawo daga Sikkim a duwatsun Himalaya, ya sa shi cikin dangin hanta. Aka rufe takarda aka manta da shi kusan shekara 100. A farkon shekarun 1950 wani masani ɗan Japan, Noriwo Takaki, ya tsinci irinsa a duwatsun ƙasarsu, aka rasa inda za a ajiye shi, har sunan da Japanawa suka ba shi ma'anarsa kusan ita ce gansakukar "mene ne wannan". A 1958 Hattori da Inoue suka buɗe masa sabon gida da sunan Takaki, amma har a lokacin cikin dangin hanta. Daga baya aka gane tsiron Mitten ɗan'uwansa ne, jinsunan Takakia suka zama biyu.

Abin da ya hana a yanke hukunci shi ne ba wanda ya taɓa ganin ɗan kwanson da ke ɗauke da ƙurar haihuwarta, alhali da shi ake rarrabe dangin. Sai da aka same shi a tsibiran Aleutian na Alaska, aka buga bayaninsa a 1993, sa'an nan aka tabbatar gansakuka ce ta ainihi, mai kwanson da ke tsagewa a murɗe, irin wanda ba a san wata gansakuka da shi ba. Shekara 132 ke nan tana zaune a gidan da ba nata ba.

A watan Agusta na 2023 mujallar kimiyya ta Cell ta buga sakamakon aikin da masanan Sin da na Jamus suka yi, cikinsu har da Shehun Malami He Yikun na Beijing da Shehun Malami Ralf Reski na Freiburg. Sun tarar reshen Takakia ya rabu da sauran gansakuka kimanin shekara miliyan 390 da suka wuce, watau ta girmi duwatsun Himalaya kansu nesa ba kusa ba. Ƙasa ce ta tashi da ita sama a hankali, ita kuma tana sabawa da sanyi da zafin hasken rana na can ƙoli, inda ƙanƙara ke binne ta wata 8 a shekara. Siffarta ta waje ba ta canja sosai ba, don an sami burbushinta a dutse mai shekara miliyan 165 a Mongoliya ta Ciki, amma ƙwayoyin gadonta suna cikin mafi saurin sauyi da aka taɓa gani a gansakuka.

Duk da wannan juriya, tsakanin 2010 da 2021 masanan sun auna zafin wurin yana ƙaruwa da kusan rabin digiri kowace shekara, filin da Takakia ke rufewa kuma yana raguwa da kashi 1.6 cikin 100 a shekara, fiye da sauran gansakukar da ke maƙwabtaka da ita. Ba mai farautarta, ba mai kiwo a kanta da za a ce ya matsa. Gwamnatin Sin dai ta sa jinsunan nan biyu cikin jerin tsirran da doka ta kare a 2021, karo na farko da gansakuka ta shiga wannan jeri a ƙasar.

KALMA ƊAYA A YARJEJENIYAR MONTREAL

Yanzu mu koma kan matakai biyun da muka ce a riƙe. Ya zuwa watan Oktoba na 2025, Jan Kundi ya ƙunshi jinsuna sama da 170,000, fiye da 48,000 daga cikinsu kuma suna matakan haɗari. Dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye kusan duka an duba su. Amma daga cikin gansakuka da 'yan'uwanta su wajen 20,000, waɗanda aka yi wa hukunci a matakin duniya 'yan ɗaruruwa ne kawai. Sauran duk suna ƙarƙashin "ba a duba ba".

Kuskure ne babba a ɗauki rashin suna a kundin a matsayin shaidar lafiya. Sa'ad da ƙasashen Turai suka zauna suka duba nasu ɗaya bayan ɗaya, jinsuna fiye da 1,800, rahoton da suka fitar a 2019 ya nuna sama da kashi 20 cikin 100 suna cikin haɗari. Turai ke nan, inda masana gansakuka suka fi yawa, inda kuma aka yi ƙarni biyu ana tattara samfur. Ba ƙaramin aiki waɗannan tsirrai ke yi ba: su ke riƙe ruwa a kan duwatsu, su ke fara kama ƙasa bayan zaftarewa, wani danginsu kuma shi ya tara dausayin arewacin duniya da ke danne iskar da ke ɗumama yanayi.

Wannan giɓi yana da nasaba da alkawarin da ƙasashe kusan 200 suka ɗauka a Montreal ta Kanada a watan Disamba na 2022. Buri na huɗu cikin 23 da suka amince da su ya ce za a tsai da ƙarewar jinsunan da aka san suna cikin haɗari. A lura da wannan kalma, "aka san". Masu rubuta yarjejeniya ba su yi ƙarya ba, don ba a iya auna abin da ba a sani ba. Amma a ganina kalmar ta buɗe wa gwamnatoci ƙofar da bai kamata ba, gama ƙasar da ba ta kashe ko kwabo wajen binciken tsirranta ba za ta iya zuwa taro ta ce babu abin da ya ƙare a wajenta, ba kuma mai iya ƙaryata ta. Aikin rarrabe halittu da raɗa musu suna, wanda jami'o'i da yawa ke ɗauka tsohon yayi ne, shi ne ke yanke wanda alkawarin ya shafa.

Jakin jeji ya fi Takakia sa'a ta wannan fuska, tun da an san shi, an kuma rubuta shi a duk inda ya kamata. A 2017 wakilan ƙasashen da yake zaune suka haɗu a Bonn ta Jamus suka tsara shirin shekara 10 na ceto shi, a cikin wannan shekara kuma taron Manila ya sa shi a jerin farko na yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura. Cikin abin da shirin ya ƙunsa har da neman na Nuba a Sudan da kudancin Masar, da gwada jinin jakunan da ake shakka a kansu. Wa'adin shirin zai cika a 2027, Sudan kuwa ta faɗa yaƙi tun watan Afrilu na 2023.